Mun je Bompai neman abincin Bagadaza

  Yau labarin wata fita cin abinci da muka yi da iyali zan ba ku. Fitar ta ci mana kuɗi, ba mu kuma samo abin da muka je nema ba, amma da za a maido ni baya zan sake yin ta.

Baba ya daina cin abinci

Surukina, wanda duk gidan muke kira Baba, shekararsa 77. Bara Allah ya yi wa Hajiya rasuwa bayan zaman aure na fiye da shekara 50, sai maigidana ya matsa masa ya dawo wajenmu a Sharaɗa. Tun da ya dawo abinci ya zama abin faɗa tsakaninmu da shi. In na kai tuwo, loma biyu zai yi ya ture kwano ya ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan, na ƙoshi." Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na yi dambu, na yi faten tsaki, na yi farfesun kaza, na dama kunun gyaɗa. Duk sai dai yara su cinye.

Muka kai shi asibiti, aka yi gwaje-gwaje. Likita ya ce hawan jininsa yana nan daidai da maganin da yake sha, ba a ga wata sabuwar cuta ba, amma ramar ta yi yawa, lallai a san yadda za a yi ya riƙa ci. Duk wadda ta taɓa jinyar tsoho ta san wannan magana tana da sauƙin faɗa. Yaro ka iya lallashinsa ko ka tsawata masa. Suruki kuwa sai dai ki durƙusa ki ce, "Baba, ku daure ku ƙara," ki tashi da kwanonki.

Wata rana da daddare an ɗauke wuta, muna tsakar gida a kan tabarma, sai 'yar autata mai shekara 9, wadda yake kira amaryarsa, ta ce masa, "Angona, in ka ci gaba da ramewa haka zan nemi wani mijin." Ya yi dariya, rabon da mu ji irinta tun kafin rasuwar. Ya ce, "To ki dafa mini abin da na ci a Bagadaza, ki ga ko ba zan cinye ba."

Daga nan labari ya ɓalle. A 1978, shekara 2 kafin yaƙi ya ɓarke tsakanin Iraƙi da Iran, bayan sun sauke farali, shi da wasu abokansa suka wuce Bagadaza ziyara. Ya ce a wani ɗan gidan abinci kusa da masaukinsu ake kawo musu wani kwano: burodi ne aka yayyaga a ƙasa, aka kwarara masa romon nama da tumatir, ga kuɓewa ƙanana a kai, ɗaiɗaiku ba a yanka ba, miyar kuma da ɗan tsami. Da hannu ake ci. Ya ce sunansa tashrib. Da ya dawo ya yi ta ba Hajiya labarinsa, ta ce wata rana za ta gwada, har Allah ya karɓi abarsa ba a gwada ba.

Ni dai da na ji haka na ce a raina, wannan kwanon ko a ina yake a garin Kano sai mun nemo shi.

Me ya kai Bakano Bagadaza?

Wata za ta ce ina Kano ina Iraƙi. Ai sunan birnin ma mun daɗe da hausantar da shi. Tun muna firamare aka koya mana tarihin baka na Bayajidda, wanda aka ce daga Bagadaza ya taso har ya iso Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. A Bagadaza kabarin Imamu Abu Hanifa yake, a unguwar A'azamiyya. A can kuma Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a 1166, yake kwance a unguwar Babus Shaikh. Marigayi Shehu Nasiru Kabara ya je birnin a 1953, kuma tun daga lokacin mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya na Kano suke ta zuwa ziyara. Cikin irin waɗannan ayarin Baba ya bi. Ba muhawarar aƙida ta kawo ni ba, 'yan uwa, hanyar da abinci ya biyo har ya zauna a zuciyar tsohon nan nake nuna muku.

Lissafi kafin fita

Maigidana yana aiki a wata masana'antar roba a Challawa. Kowace uwargida da mijinta ke aiki a Challawa ko Sharaɗa ta san yadda albashi yake shigowa da yadda yake fita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum tunani. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, kuma ma'aikacin kamfani da yawa ba su yi nisa da wannan ba. A irin wannan hali, a ce an kwashi mutum 7 an tafi gidan abincin Larabawa, magana ce da sai an zauna.

Muka zauna. Ya ce wani abokin aikinsa ya gaya masa akwai gidajen abincin Larabawa a Bompai da Nassarawa, amma da tsada. Na ce ina da kuɗin adashina da na ɗauka zan sayi atamfa, a haɗa. Ya ce ba zai ci kuɗin atamfata ba. Na ce ai ba shi zai ci ba, Baba ne zai ci. Muka tsayar da Lahadi bayan La'asar.

Hanyar Bompai

Daga Sharaɗa muka bi ta State Road, muka wuce gidan gwamnati, muka miƙa Bompai. Ban yi tunanin hanyar kanta za ta taɓa Baba ba. Ashe a wata masaƙa a nan Bompai ya yi aiki shekara 24. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, tun kafin a yanka Sharaɗa da Challawa. Yana zaune a gaba yana nuna wa jikokinsa katanga bayan katanga: nan ana saƙa, nan ana alawa, nan ana kwanukan ruwa. Ya ce da, in aka tashi daga aikin safe, kekuna sukan cika titi har mota ta rasa hanya, masu tuwo da masu shinkafa da wake suna jere a bakin ƙofa. Yanzu da yawa an mai da su rumbunan ajiye kaya, wasu kuma ciyawa ta cinye harabarsu. Rashin wuta da shigowar yadi mai araha daga waje suka durƙusar da masaƙun, shi ma haka aka sallame su.

Da muka zo daidai ƙofar tsohon wajen aikinsa ya yi shiru. Babban ɗana ya ce, "Tsoho, a nan ka tara kuɗin zuwa Bagadaza?" Ya ce, "A nan. Albashin masaƙa ya kai ni Makka ya kai ni Bagadaza, ya kuma aurar da ni ga kakarku." Ba wanda ya ƙara magana har muka isa.

A teburin Larabawa

Wurin tsaf yake, da sanyin na'ura, da ɓangaren iyali. Matsala ta farko tawa ce: ni ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba. Shekara 16 da aurena, ko ruwa ban sha a gabansa. Maigidana ya gane, ya roƙi a haɗa mana tebur biyu, ni da 'yan mata muka zauna a can ƙarshe, na ɗan juya kujerata.

Wani saurayi Bahaushe ya kawo takardar abinci. Baba bai ko duba ba ya ce, "Yaro, tashrib za ka kawo mini." Yaron ya ce, "Baba, me kuka ce?" Ya maimaita. Yaron ya duba takarda sama da ƙasa, ya ce bari ya tambayo.

Kafin ya dawo muka zaɓi abin da aka ce an fi saye. Aka kawo humus, wato wani irin wake na Larabawa da ake niƙawa da riɗi da lemun tsami da tafarnuwa, a zuba man zaitun a kai. Aka kawo tabbula, ganyen fasili ne yankakke da tumatir da ɓarzajjiyar alkama. Aka kawo kibbe, niƙaƙƙen nama da alkama da aka mulmula aka soya, da gasasshen nama a tsinke, da burodinsu mai faɗi marar kauri. Yara kuwa shawarma suka ce, don ita suka sani.

Baba ya yagi burodi ya dangwali humus, ya tauna, ya ce, "Da daɗi. Amma ba shi ba ne."

Gabana ya faɗi. Na tuna atamfata, na tuna hanyar da muka sha.

Can sai ga mai wurin da kansa, wani dattijo fari mai furfura. Ya yi sallama, ya ɗan rusuna ya gai da Baba da Hausa kamar jakin Kano. Ya ce, "Alhaji, an ce kuna neman tashrib. A ina kuka san shi?" Baba ya ce Bagadaza, 1978. Mutumin ya ja kujera ya zauna.

Ya ce, "Alhaji, mu 'yan Labanan ne. A nan Kano aka haife ni, a nan aka haifi babana. Abin da kuke nema na mutanen Iraƙi ne, girkinmu da nasu ba ɗaya ba ne."

Balarabe ba ɗaya ba ne

Wannan ita ce gaɓar da ni kaina ban sani ba, kuma na san da yawa cikinmu haka ne. Mukan ce "abincin Larabawa" kamar tukunya ɗaya ce. Alhali tsakanin Bairut da Bagadaza tafiya ce mai nisa, kamar a haɗa tuwon Kano da sakwarar Ibadan a ce duk abincin Najeriya ne.

Yawancin Larabawan da ke da gidajen abinci a Kano 'yan Labanan ne da Siriya, waɗanda iyayenmu ke kira Kwarori. Kakanninsu sun fara cika garin ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suka shiga cinikin gyaɗa da yadi, daga baya suka kafa masana'antu a Bompai da Sharaɗa. Ga kuma Beirut Road da Lebanon Road a cikin gari. Ƙasarsu ta bakin teku ce da duwatsu, don haka girkinsu ya ginu a kan man zaitun, ɗanyen ganye, lemun tsami, riɗi da gashi.

Iraƙi kuwa ƙasar koguna biyu ce, Dijla da Furat, ga zafi irin namu ko fiye. Abincinsu na kullum shinkafa ce da miya, su ce timman da marag. Suna da wata shinkafa mai ƙamshi da ake nomawa a kudu wajen Najaf, ana ce mata anbar. Suna son tsami a miya, kuma sukan samo shi daga busasshen lemun tsami da suke kira numi Basra, ko tsamiya, ko ruwan rumman. Shahararren abincinsu shi ne masguf: kifin kogi ne babba, a tsaga shi ta baya a buɗe, a shafa gishiri da tsamiya, a kafe shi a jikin itace a gefen wuta ya gasu a hankali. Da Baba ya ji an ambace shi sai ya ce a titin Abu Nuwas na bakin Dijla ya gan shi, kuma abin da ya tuna masa shi ne tukubar mai tsire. Suna da dolma, wato albasa da ganyen inabi da gauta da aka cusa wa shinkafa da nama. Da sallah kuma sukan yi kleca, wani biskit mai dabino a ciki, kamar yadda muke yin cincin da dubulan.

Dattijon ya ce kuɓewa da tumatir su ma suna dafawa a gida, bamiya suke ce mata, amma da shinkafa suke ci, kuma ba ya sayar da ita. Ya sa aka kawo wa Baba fatta, wadda ita ce mafi kusa a wajensu: soyayyen burodi da wake da kindirmo. Baba ya yi cokali 5, na ƙirga. Sannan mutumin ya juyo wajen maigidana ya ce, "In madam za ta dafa masa a gida, kada ku sayi burodina. Nawa siriri ne, romo na taɓa shi zai narke. Na Iraƙi a tannur ake gasa shi, yana da kauri. Ku je Jakara ku sayi gurasa."

Ni da nake can ƙarshen tebur sai da na juyo, kunya ta tafi.

Suka yi kusan awa guda suna hira, shi da Baba, a kan masaƙun da aka rufe da mutanen da suka sani. Da aka kawo takardar kuɗi, abin da muka biya ya kusa cefanen gidanmu na mako guda, duk da dattijon ya ce a cire kuɗin fatta da shayi. Muka sa aka ƙulle mana ragowar muka taho.

Tanderunmu da tannur ɗinsu

A mota nake ta juya kalmar. Tannur. Tanderu. Ashe abu ɗaya ne: tukunyar ƙasa mai zurfi da ake hura wuta a cikinta a manna ƙulli a jikin bangonta. Kalmar tana cikin Alƙur'ani a ƙissar Annabi Nuhu (AS), kuma mutanen da suka zauna a ƙasar Iraƙi dubban shekaru da suka wuce suna da ita a harshensu. A Jami'ar Yale ta Amurka akwai wasu alluna na yumɓu daga ƙasar Babila, waɗanda aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da girke-girke 25, kusan duk na romo da miya, da albasa da tafarnuwa. Suna cikin tsofaffin rubutattun girke-girke da aka sani a duniya. A ƙarni na 10 kuma wani mutumin Bagadaza, Ibn Sayyar al-Warraƙ, ya tara littafin girki na zamanin halifofin Abbasiyawa, kuma burodin da aka jiƙa a romo yana ciki. Larabawa na kiransa sarid. Masu karatun hadisi sun san shi, don da shi Manzon Allah (SAW) ya kwatanta falalar Nana A'isha.

Mu kuma gurasa ta zo mana ne ta hannun fataken Larabawa na arewacin Afirka, mutanen Tarabulus da Gadamas, da suka ratso Sahara suka zauna a cikin birni. Su ake kira Turawa tun kafin zuwan Nasara, shi ya sa muke da Dandalin Turawa, da Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Alkubus da alkaki ma sunayensu na Larabci ne. Har unguwa muke da ita mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Kuma wace Bakanuwa ce ba ta san gurasa da romon kai ba, ko bandashe da ake yayyafa wa ruwa a barbaɗa ƙuli? Wato tashrib ɗin da Baba ya yi shekara 40 da ɗoriya yana begensa, rabinsa yana kan tiren mai gurasa a bakin titi.

Yadda na dafa shi

Ranar Talata maigidana ya biya ta Jakara ya sayo gurasa marar sukari. Na bar ta ta kwana, don ta kwana ta fi shan romo ba tare da ta dagargaje ba. Ga abin da na haɗa na mutum 6:

Naman rago mai ƙashi, rabin kilo
Ɗanyar kuɓewa ƙanana, rabin kilo
Tumatir manya 6, da cokali 2 na tumatirin gwangwani
Albasa 1 babba
Tafarnuwa ƙwaya 8
Tsamiya kaɗan, a jiƙa a tace
Lemun tsami 1
Gishiri, masoro, man gyaɗa
Gurasa 5

Na fara soya naman sama-sama da albasa, na zuba ruwa ya rufe shi, na bar shi a wuta marar ƙarfi har ya yi laushi. Wannan romon shi ne jigon abincin, kada ki yi masa gaggawa.

Sai kuɓewa, kuma a nan hannun Bahaushiya yake son ya yi gardama. Mu yauƙi muke nema, shi ya sa muke goge ta ko mu daka, har mu jefa kanwa. Su kuwa gudun yauƙi suke. Don haka ki zaɓi ƙanana masu taushi, ki wanke ki bar su su bushe sarai, ki fere kan kaɗan ba tare da wuƙa ta shiga cikin 'ya'yan ba. Ki soya su a mai na 'yan mintuna, ki kwashe. Babu kanwa, babu daddawa.

Na soya tafarnuwa a ragowar man, na zuba niƙaƙƙen tumatir da na gwangwani har suka soyu, na juye a kan naman da romonsa. Na zuba ruwan tsamiya da gishiri kaɗan saboda hawan jinin Baba, da masoro. Da ta tafaso na jera kuɓewa a kai, na rage wuta, na rufe kamar minti 25. Kada ki riƙa juyawa da ludayi, kuɓewar za ta fashe. Ki ɗan girgiza tukunyar kawai. Tsamin tumatir da tsamiya shi ke kashe sauran yauƙin. Da na sauke na matsa lemun tsami. Miyar ta kasance da ruwa-ruwa, don gurasa za ta sha. Ban sa attaruhu a tukunya ba, na ajiye yaji a gefe don masu so. In kina da wanda zai dawo daga Umara, ki ce ya zo miki da busasshen lemun tsami, ana samunsa a can. Ki huda guda 2 ki jefa tun ana dafa nama.

Na yayyaga gurasa a faranti mai zurfi, na kwarara romo, na jira minti 2, na ɗora nama da kuɓewa. Na ba amaryarsa ta kai masa, ni na laɓe a bakin ƙofar kicin.

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya yi bisimilla ya sa hannu. Ya ci, ya ci, bai ce komai ba. Can ya ce, "Ina uwarku?" Na fito na durƙusa. Ya ce, "Nasu ya fi wannan tsami, kuma kuɓewarsu ba ta kai wannan girma ba. Amma shi ne, 'yar nan. Shi ne." Ya share ido da gefen rawaninsa, ya ce da Hajiya na nan da ta ce ashe gurasa da romo ce yake ta yi mata kuri da ita. Ya cinye farantin tas.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya warware ba. Har yanzu akwai ranar da yake ture kwano. Amma yanzu duk Juma'a shi yake tambaya ko an sayo gurasa, kuma da muka koma asibiti bayan wata 2 sikeli ya ɗan motsa sama. Abin da na fahimta shi ne, tsoho in ya daina ci, bayan an je asibiti an duba lafiyarsa, sai a zauna a tambaye shi abin da ya taɓa ci ya ji daɗi, da inda ya ci, da wanda suka ci tare. Wata 8 ina dafa abin da nake ganin ya dace da shi, ban taɓa tambayarsa ba. Jikarsa ce ta tambaya, ita ma cikin wasa.

In za ku fita cin abincin Larabawa

Ga 'yan abubuwan da na koya, ko za su rage wa wata asara.

Ki san na wace ƙasa ne kafin ku tafi. In wani abinci takamaimai kuke nema, a buga waya a tambaya ko suna yi.

A tambayi farashi tun kafin a yi oda, a kuma tambaya ko an haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a kawo takarda maigida ya fara laluben aljihu a gaban yara.

Abincinsu na tarayya ne. Faranti 4 ko 5 a tsakiya da burodi ya ishi iyali, ba sai kowa ya yi odar nasa ba. Mu da muka bar kowane yaro ya zaɓa, rabin kuɗin a nan ya tafi.

Akwai nau'in kibbe da ake ci ɗanye, ba a dafa naman ba. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi su bar shi, ki tabbatar soyayye ko gasasshe aka kawo. In kina da yaron da riɗi ko gyaɗa ko madara ba sa karɓarsa, ki faɗa tun farko, don riɗi da kindirmo suna cikin abincinsu da yawa. Mai hawan jini kuma ya yi hankali da zaitun da kayan tsami da ake jiƙawa a ruwan gishiri.

Ki sa a ƙulle miki ragowa. Kuɗinku ne.

Sannan ki yi wa yara bayanin abin da suke ci. Babbar 'yata mai shekara 14 tana cikin masu ganin shawarma ce wayewa, gurasa kuwa ta 'yan cikin gari ce. Da ta ji Balarabe mai gidan abinci a Bompai da bakinsa yana tura mu Jakara, jikinta ya yi sanyi. Yanzu ita ke fere mini kuɓewa.

Atamfar dai ban saya ba, sai zagayen adashi na gaba in Allah ya kai mu. Wadda ta gwada girkin ta gaya mana yadda ya kasance a ƙasan wannan rubutu, musamman ku da kuka zauna a ƙasashen Larabawa, ku gyara mini inda na kauce. Ina kuma son jin wane abinci ne tsofaffin gidanku suke ambata da ba a dafa musu ba tukuna.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba waɗanda ke raye lafiya da cin abinci. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.